Neman Allurar Murtala Daga Safana Har Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A ofis, a ƙofar masallaci, a teburin mai shayin bakin sakatariya, kowa sai ya ce, "Malam Kabiru, me ya kai ka Nijar? Ko fasa-ƙwauri ka fara?" Wasu ma sun gama yanke hukunci cewa aure na je nema. Na daɗe ina cewa ziyara ce kawai, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Sai da ƙanena Murtala ya ce mini da bakinsa, "Yaya, ka faɗa musu. Wataƙila akwai mai irin lalurata yana can ƙunshe a ɗaki," sannan na yarda zan ba da labarin. To ga yadda aka yi.

Ni ma'aikaci ne a sashen gona na ƙaramar hukumar Safana. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Babban Duhu, amma da zaman can ya gagara sai na ɗauko mahaifiyarmu, Inna, ta dawo wurina. Murtala shi ne autanmu. Tela ne, yana da ɗan shago a Batsari, inda ya koyi ɗinki. Shekarunsa sun doshi talatin, amma wanda bai san shi ba zai rantse bai wuce sha huɗu ba. Ba gemu, ba gashin baki, murya siririya, ga saurin gajiya. Baƙi masu kawo ɗinki kan leƙo su ce masa, "Kai yaro, ina mai shagon?" Yakan yi dariya ya ce ai mai shagon ne wannan, amma na san dariyar ba ta kai ciki ba.

Bara ya zame daga kan babur, faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba, sai ga hannu ya karye. Likitan da ya duba shi a Katsina ya tambayi shekarunsa, ya sake tambaya, sannan ya tura shi gwajin jini. Da sakamako ya fito ya zaunar da mu ya ce jikin Murtala ba ya samar da isasshen sinadarin da ke mayar da yaro cikakken namiji, wanda suke kira testosteron, kuma rashinsa ne ya sa har ƙashinsa ba ƙwari. Ya ce akwai allura da za a riƙa yi masa bayan 'yan makonni, ana bi da gwaji, kuma ba abu ba ne na wata ɗaya ko biyu. Bai ɓoye mana ba, ya ce ba zai yi alkawarin haihuwa ba, amma ƙarfi da murya da ƙwarin ƙashi, da yardar Allah za a gani. Ya kuma ja mana kunne cewa allurar nan ba ta mai lafiya ba ce, ba a yin ta sai da takardar likita.

Allurai na farko a ɗakin maganin asibitin muka saya, da ɗan sauƙi. Cikin 'yan watanni Murtala ya fara cin tuwo kamar mai huce haushi, yana wuni kan keke bai kwanta ba, har wani ɗan baƙi-baƙi ya fara fitowa a saman leɓensa. Ana cikin haka aka ce ta ƙare, mu nema a waje. Farashin da aka fara gaya masa a waje ya fi abin da yake samu a ɗinkin mako guda. Ya kira ni ya ce zai sayar da keken ɗinkinsa. Na ce idan ka sayar da keken, da me za ka sayi ta gaba? Ka bari in ɗauki hutu mu zagaya mu ji farashi. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan.

A Safana na fara, wurin mai kemis ɗin unguwarmu. Mutumin kirki ne, shi ke ba mu maganin zazzaɓi bashi idan wata ya yi nisa. Ya karanta takardar, ya dube ni, ya jira wata mata ta fita, sannan ya sassauta murya.

"Haba Malam Kabiru, ai da ka gaya mini tuntuni. Wannan matsalar ba sai an kai ga allura ba."

Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fara fito da wasu kwalaye masu hoton doki da damisa. Na ce masa ba ni ba ne, kuma ba irin wannan matsalar ba ce. Kunya ta kama shi, ya mayar da kayansa yana ba ni haƙuri, ya ce gaskiya bai taɓa ajiye wannan allura ba. Daga ranar na fahimci abin da ke sa masu wannan lalura yin shiru. Da ka buɗe baki, hankalin mutane wuri ɗaya yake tafiya.

Da zan fita washegari na ari 'yar kular uwargida, wadda take zuba kunun aya. Na sha ganin masu rigakafi suna yawo da akwati mai ƙanƙara, sai na ɗauka kowace allura haka take so. Uwargida ta ce in dai na dawo mata da ita a fashe to in sayi sabuwa.

A-kori-kura na hau zuwa Batsari. Duk wanda ya san hanyarmu ya san ba a sammako. Direba ya ƙi tashi sai da rana ta ɗaga, motocin farko suka iso daga can suka ce hanya lafiya. Mun cika maƙil, mu da buhunan gyaɗa da akuya biyu. Ana ta hira har muka kai wata kwana da kowa ya san abin da ya sha faruwa a wurin, sai motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai salati ƙasa-ƙasa. Muna wucewa wata tsohuwa Bafillatana da ke kusa da ni ta sauke ajiyar zuciya, motar ta faɗa rami, ƙwaryar nononta ta tuntsure a cinyata. Ta yi ta cewa, "Ayya ɗana, ayya ɗana," tana goge mini da gefen mayafi. Haka na shiga Batsari ina ƙamshin kindirmo, ƙudaje na yi mini rakiya.

Na tarar da Murtala ya rufe shago yana jirana. Muka bi masu kemis na garin. Ɗaya ya ce zai iya sa a kawo daga Kano, amma sai mun biya tukuna, kuma ba zai faɗi farashi ba sai ya ji daga can, domin kaya kullum tashi suke. Wani a bayan tasha ya ce yana da ita, ya shiga ciki ya fito da kwali. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da aka gaya wa Murtala ba. Na ga idon ƙanena ya yi haske, har ya sa hannu a aljihu. Ni kuwa na juya kwalin, sai na ga wurin da ake rubuta ranar lalacewar magani an kankare an buga wani sabo a kai. Na ajiye na ce za mu dawo.

A waje muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba.

"Yaya, lokacin allurata ya wuce. Jikina ya fara komawa yadda yake. Ga ta a hannu ka ce mu tafi?"

"Ba zan bari a tsira maka abin da ban san mene ne ba."

"Kai ba ka san yadda ake ji ba," in ji shi. "Kai tun kana sha shida kake aske gemu."

Gaskiya ya faɗa. Muka shiga motar Katsina. Sai da muka yi nisa ya ɓare dafaffiyar gyaɗa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

A Katsina muka ɗauki shatar kurkura, keken nan mai ƙafa uku, muka ce ya bi da mu manyan shagunan magani. A nan na ga abin mamaki. Magani ɗaya, gari ɗaya, amma kowa da kuɗinsa. Wani shago mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka na wani ɗan tsukukun shago da ke cikin gari. Wani ya ce ba ya fasa kwali, sai dai mu ɗauka gaba ɗaya. Wani ya fito da wata iri da ya ce tana daɗewa a jiki har watanni, amma kuɗinta ya tasam ma albashina. A wani wurin na yi murna na ji araha, ashe ƙarfinta bai kai wanda likita ya rubuta ba. Kafin la'asar na koyi tambaya kamar ɗan kasuwa: wane ƙarfi ce, guda nawa ne a kwali, nawa ne ɗaya, yaushe za ta lalace, kuma akwai lambar hukumar kula da magunguna a jiki?

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Duk inda muka shiga da ni ake magana, kamar na kawo ɗana. A wani shago yarinyar da ke kanta ta ɗaga murya ta kira sunan allurar tana tambayar na ciki ko akwai, shago cike da mutane, wasu samari suka juyo suna murmushi. Murtala ya fita ya tsaya wurin kurkura. Daga nan bai ƙara shiga ba, sai ni in shiga in fito in gaya masa.

A ɗan tsukukun shagon nan muka saya. Guda ɗaya ta rage masa. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya ce bai san ranar da wata za ta zo ba, kuma ko ta zo ba zai yi alkawarin wannan farashi ba. Muka koma asibiti aka yi wa Murtala ita, hankalinsa ya ɗan kwanta. Amma ta gaba fa?

Muna cin tuwo a wata rumfa kusa da tasha muna wannan magana, sai wata Hajiya da ke benci ɗaya da mu ta sa baki. Ta ce sunanta Hajiya Rabi, tana fataucin atamfa tsakanin Katsina da Maraɗi. Ba ta san wane magani muke nufi ba, ba mu kuma faɗa ba.

"Ku 'yan Najeriya kuna wahalar da kanku," in ji ta. "Ni maganin hawan jinina a Maraɗi nake saye. Ga kyau, ga araha, ba jabu. Ku je ku gani."

Muka dubi juna. A Maraɗi akwai Baba Isuhu, aminin marigayi mahaifinmu tun suna fataucin shanu, wanda rabonmu da shi tun ta'aziyya. Na nemo lambarsa na kira. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Ku taho, gida naku ne." Muka kwana a ɗakin wani ɗan ajinmu da ke koyarwa a Katsina, da safe na cika kula da ƙanƙara muka kama hanyar Jibiya.

Hanyar ba ta da tsawo, amma shingayen jami'ai sun mayar da ita doguwa. Ka tashi ka tsaya, ka tashi ka tsaya, direba na miƙa hannu ta taga yana gaisawa irin gaisuwar da kowa ya sani. A Magama muka sauka muka yi canji. Na ba mai canji damin nairori da ya cika mini aljihu, ya miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su fi a ninke a saka a hula ba. Na tsaya ina jira ya ƙaro, ya ce, "Malam, shi ke nan fa." Tun a nan na fara shakkar arahar Maraɗi.

Da muka tsallaka, ma'aikacin kwastan nasu, da suke ce wa duwan, ya nuna kula ya ce a buɗe. Na buɗe. Ƙanƙara ta narke, ba komai sai ruwa da leda tana iyo. Ya leƙa, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

"Ruwa kuka kawo muna daga Najeriya? An ce maku ƙishirwa muke?"

Kowa ya yi dariya har da ni. Amma a gaba kaɗan dariya ta ƙare. Jandarma, jami'in tsaronsu, ya karɓi katunanmu na ɗan ƙasa, ya duba nawa ya miƙo. Ya duba na Murtala, ya dubi fuskarsa, ya sake duba katin.

"Wanga kati ba naka ba ne. Na wanka ne ka ɗauko."

Murtala ya ce nasa ne. Jandarma ya ce shi ba yaro ba ne da za a raina wa hankali, mai wannan shekaru ba haka yake ba, ya sauko daga mota. Fasinjoji suka zuba ido. Na yunƙura zan yi bayani, Murtala ya riƙe mini hannu. Ya sauka, ya ciro takardar likita daga aljihu, ya matsa kusa da jandarman ya yi masa magana a hankali. Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga mutumin ya daɗe yana kallon takardar, duk da ba na jin yana karanta Turancin Ingilishi. Sannan ya ninke ta yadda take, ya haɗa da katin ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, Malam. Allah shi ba da lahiya."

Ya dawo mota ya zauna. Wata mata a baya ta miƙo masa goro.

Muka wuce Ɗan Isa muka shiga Maraɗi da hantsi. Masu babur ɗin haya, da can ake kira kabu-kabu, suka kai mu gidan Baba Isuhu. Tsoho ne dogo, ya rame amma muryarsa na nan. Ya rungume ni, ya riƙe Murtala ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Auta ne wanga? Idon ubanka ne sak." Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura mai sanyi wadda ban sha irinta ba tun ina yaro, sannan dambu da zogale da man gyaɗa. Da muka ce daga Katsina muke ya ce, "Wace Katsinar? Ai Katsinawan asali mu ne nan, ku masu gadin gida muka bari." Muka yi ta musu, yaransa na dariya.

Hausarsu tamu ce, amma akwai tarko a ciki. Na tambayi wani ɗansa ko akwai likita kusa, ya ce akwai babba a bakin titi, mai hawa biyu. Na ce mutum ne mai hawa biyu? Ashe su asibiti suke ce wa likita, shi kuma likitan lokotoro. Nema kuwa biɗa ne. Lissafin kuɗinsu ma sai da ya kunyata ni. Na sayi burodinsu dogo mai kama da sanda, mai tebur ya ce dala talatin. Na ga ƙwandala mai hamsin a jiki na miƙa ina jiran canji. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Najeriya ne ko?" Ashe kowace dala sefa biyar ce, sai ka ninka. Burodin kuwa sai da ya goge mini dasashi, amma da aka tsoma shi a miyar wake na gane abin da suke ji.

Bayan azahar muka ce za mu farmasi, wato shagon magani. Baba Isuhu ya ce mu zauna, yanzu gari ya kwanta, wanda muke so ba ya buɗewa sai rana ta yi sanyi. Ni da na saba da Katsina inda mai shago ko sallah zai tafi sai ya bar yaro, na ɗauka wasa ne, muka fita. Muka tarar da ƙofa a rufe. Muka fake a inuwar wani tela da ke aiki a bakin titi. Nan Murtala ya manta da abin da ya kawo mu. Ya tsuguna yana kallon yadda mutumin ke fitar da aikin wuyan riga, suna ta maganar zare da allurar keke, har telan ya tashi ya ba shi keken ya gwada. Tun da muka baro Batsari ban ga ya saki jiki haka ba.

Da aka buɗe muka shiga. Wuri tsaf, kowa da farar riga, ba a ciniki. Wata mata mai kimanin shekaruna, da suke kira Madam, ta karɓi takardar. Ta ce ba ta jin Ingilishi sosai amma sunan magani ɗaya ne a ko'ina. Ta duba sunan da ke sama ta ce, "Wane ne Murtala?" Ya ce shi ne. Sai ta zagayo ta ja mu gefe inda ba kowa, ta juya gare shi, ba gare ni ba. Ta tambaye shi yaushe aka yi masa ta ƙarshe, ko ana yi masa gwajin jini, ko yana jin wani abu bayan an yi. Ya riƙa ba ta amsa da kansa, ni ina tsaye riƙe da kula.

Ta nuna kular ta ce ta mece ce. Na faɗa mata. Ta rufe baki da hannu tana dariya, ta ce wannan allura ruwanta mai ne, ba ta son ƙanƙara, inuwa kawai take so, kada a bar ta a rana. Wato tun daga Safana nake dakon kula a banza.

Tana da allurar, amma kwalin da Faransanci yake, sunan kamfanin ma daban. Ta ce kada mu saya sai likitanmu ya gani. Layinmu ba ya aiki a can, sai da wayar ɗan Baba Isuhu muka ɗauki hoton kwalin muka tura. Likita ya kira da kansa. Ya ce maganin ɗaya ne, za a iya amfani da shi, sannan ya ce, "Malam Kabiru, har Nijar? Ai da kun tambaye ni da na ba ku lambobin masu magani biyu-uku ku riƙa kira kuna jin farashi daga gida." Na ce Likita, ai ba mu san ana haka ba.

Sai maganar kuɗi. Madam ta buga a na'ura ta juyo mini da ita. A ido kuɗin kaɗan ne. Na ciro waya na lissafa da farashin da mai canji ya ba mu, na sake lissafawa. Ya ɗara na dattijon Katsina mai tabarau, bai kai na mai ƙofar gilashi ba. Idan aka haɗa da kuɗin mota da abin da canji ya ci, mun yi asara. Na ce ko za mu duba wani farmasin. Ta ce mu duba, amma a nan bambancin ba shi da yawa. Muka duba biyu, haka ne kuwa, kusan kuɗi ɗaya. Hajiya Rabi ba ƙarya ta yi ba, ita da sefa take ciniki. Mu da muka zo da naira mu ne arahar ba ta sani ba.

Muka koma wurin Madam. Ta ce ba za ta ba mu fiye da abin da takarda ta ce ba, ko da muna da kuɗi. Ba mu ma da su. Guda biyu kuɗinmu ya kai, muka bar na mota. Da muka fito Murtala ya zauna a dakalin ƙofar ya dafe kai.

"Yaya, na jawo maka asara. Kuɗin makarantar yaranka su Abba ne fa ka taɓa, na sani. Idan waɗannan suka ƙare a bar shi kawai. Ai da ma haka na saba."

Na ce masa ya tashi mu tafi, mutane na kallo. Na kama hannunsa muka koma masauki.

Bayan la'asar Baba Isuhu ya sa aka dafa shayinsu na ɗan ƙaramin kofi, wanda ake sha zagaye-zagaye, na farko ɗaci kamar maɗaci. Ya ga fuskokinmu ya ce mu gaya masa gaskiyar abin da ya kawo mu. Murtala ne ya faɗa, tun daga karayar hannu har dakalin farmasi. Tsohon ya saurara bai katse shi ba.

"To mi ne abin kunya a nan?" in ji shi. "Mai ciwon suga kullum allura yake, wa ya yi mashi dariya? Kuma kar in sake jin ka ce a bari. Da ubanku na da rai, da ƙafa zai tako nan in ya ji akwai maganinka."

Ya ce ɗansa na zuwa kasuwar Jibiya kusan kowane mako. Duk lokacin da allura ta kusa, zai leƙa farmasi ya ji farashi ya gaya mana, mu kuma mu kira na Katsina, inda ya fi sauƙi nan za a nufa. Idan ta yanke a Katsina gaba ɗaya, mun san inda take, sai Murtala ya taho da sabuwar takarda, masauki na nan. Wannan shi ne ribar tafiyar, kuma ba ƙarama ba ce.

Da safe matarsa ta ɗaure mana kilishi da ƙullin zogale, aka zuba a kula, ta dai yi amfani. Allurai biyu kuwa Murtala ya naɗe su a hankici ya sa a aljihun gaba, hannunsa a kai har Katsina. Bai tsaya Batsari ba, ya ce zai bi ni Safana ya ga Inna.

Duk wannan abu Inna ba ta sani ba. Mun ce mata ciwon hannun ne ake bi da allura, don kada hankalinta ya tashi. Muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa Murtala ya zauna a gefen tabarmarta ya gaya mata komai, a hankali, da irin kalmomin da za ta gane. Ta daina ɓarar. Ta ce ya nuna mata. Ya kwance hankicin ya ɗora mata 'yar kwalbar a tafin hannu. Ta ɗaga ta tana kallon ruwan da ke ciki.

"Wannan ɗan abin? Kamar man gyaɗa?"

"Shi ne, Inna."

"Kuma likita ya ce haka Allah ya halicce ka? Ba wani abu ne ya same ka a ciki ba?"

"Ya ce ba laifin kowa ba ne."

Sai ta fara hawaye, ba sauti. Ta ce lokacin tana da cikinsa wata bakwai ta faɗi a bakin rijiya da tulu a kai. Tun da ta ga sa'o'insa suna girma suna barinsa, ta sa a ranta faɗuwar nan ce, ita ta jawo masa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifinmu. Kullum idan ta yi sallah sai ta roƙi Allah ya yafe mata.

Murtala ya riƙe hannunta ya ce, "Inna, ba ke ba ce. Wallahi ba ke ba ce."

Ta goge fuska da bakin zane, ta mayar masa da kwalbar, ta sa hannu biyu ta rufe nasa a kanta. Sannan ta juyo gare ni. Ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari.

"Kai Babba, gyaɗar nan tawa ta bana, kada a kai ta kasuwa yanzu. A ajiye. Duk lokacin da allurar Auta ta zo, a ɗebi tiya a sayar."

Na ce Inna ai muna nan, ba sai an taɓa gyaɗarki ba. Ta ce ba shawara take nema ba. Ta jawo tiren ta ci gaba da ɓara, Murtala ya matsa ya sa hannu suna yi tare.